Shanun da ba su da tozo a duwatsun Birnin Kudu

In ka ce wa mutum Jigawa, yawanci abin da yake faɗo masa a rai shi ne rairayi da tudun yashi irin na can arewa wajen Maigatari da Babura da Birniwa inda aka yi iyaka da Nijar, ga zafi ga ƙura ga gonakin da hamada take ci a hankali. To wannan gaskiya ne akwai shi, amma kudancin jihar wani abu ne daban wallahi, duwatsu ne jibga-jibga tun daga Dutse har Birnin Kudu har ka faɗa ƙasar Ningi, kuma a cikin duwatsun nan akwai abin da ni dai a ganina ya kamata a ce duk yaron da ya yi firamare a Kano ko Jigawa an taɓa kai shi ya gani da idonsa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda tafiyar tamu ta kasance, ko Allah zai sa wani ya karanta ya ji yana son zuwa.

Ɗaurin aure ne sanadi. Baffana ƙanin mahaifinmu ya daɗe a Birnin Kudu, ɗinki ne ya kai shi tun yana saurayi, ya yi aure a can ya zama ɗan gari, to ɗansa ne za a ɗaura wa aure. Muka taso daga ƙauyenmu da sassafe ranar Juma'a ni da ɗan yayata, yaro ɗan ƙaramar sakandare wanda ba ya ganin abu ya ƙyale sai ya tambaya, mai mashin ya kawo mu bakin kwalta muka samu mota zuwa Wudil. Hunturu ne, hazo ya sauko sosai, kowa ya naɗe kai da kunne. Wanda ya san Wudil ranar Juma'a ya san me nake nufi, ranar kasuwa ce, kara ta cika ta batse, tireloli sun jeru ana lodin shanun da za a kai kudu, ga Bunaji farare tas, ga Rahaji jajaye masu dogon ƙaho, ga Bokoloji, kowanne da tozonsa yana rangaji in yana tafiya. Ku riƙe maganar tozon nan dan Allah, akwai inda za ta yi amfani.

Daga Wudil muka sake mota muka ratsa ƙasar Takai. Ni duk sanda na bi ta nan sai na tuna Basasar Kano, don a Takai ne Yusufawa, wato magoya bayan Galadima Yusufu da ya nemi sarautar Kano, suka yi sansani a 1893 da suka fice daga birni, daga nan suka dawo suka ci Kano har Alu ya hau sarauta a 1894. Kuma kafin wannan ma yankin bai samu barci ba, shekara da shekaru Ningawa suna saukowa daga duwatsunsu suna kai hari kudancin Kano, Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi ya sha fama da su. Na ɗan ba yaron labarin a mota, wani dattijo da ke kusa da mu ya karɓe zancen ya ce ai su kakanninsu in an ji kururuwa dutse ake hawa da mata da yara da awaki. A Kwanar Huguma hanya ta rabu, ɗaya ta yi Dutse, mu muka miƙe. An gama girbi, gonaki sun yi fayau, an tsittsibe kara, harawa an ɗora ta kan bishiyoyi saboda dabbobi, gawo ne kawai ya yi kore shar don shi da rani yake ganye. Can sai duwatsu suka fara leƙowa ta cikin hazo, tun suna ɗaya-ɗaya har suka zama ko'ina ka waiga su ne.

Ɗaurin aure dai an yi lafiya bayan an sauko daga masallaci, an ci an sha, Allah ya ba su zaman lafiya. Washegari da hantsi Baffa ya haɗa mu da wani maƙwabcinsa dattijo haifaffen garin, ya ce shi ne zai kai mu, shi ma Baffan ya ɗauki sandarsa ya ce ba za a bar shi a gida ba. A garin akwai ofishin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa wanda aka buɗe saboda zanen duwatsun nan, don gwamnatin tarayya ta daɗe da sa su cikin jerin kayan tarihin ƙasa. Sunayen da aka fi sani su ne Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu.

Abin da ya fara kama ni tun kafin mu kai ga zane shi ne launin dutsen kansa. Daga nesa toka-toka za ka gan shi, ba wani abin kallo, amma da ka matso sai ka ga ashe ba launi ɗaya ba ne. Irin dutsen nan ne mai tauri da ake fasawa a yi tsakuwar kankare, in ka kai fuskarka kusa za ka ga ɗigo-ɗigo ne aka cakuɗa, wani ja-ja, wani fari kamar gilashi bai gama wankuwa ba, wani baƙi yana walƙiya in rana ta haska shi. Sannan daga sama zuwa ƙasa ga wasu layuka baƙaƙe dogaye, nan ne hanyar da ruwan damina yake bi duk shekara har ya bar shaida. Wani gefen kuma ya yi ja irin na tsatsa, kuma tsatsar ce da gaske, ƙarfen da ke cikin dutsen ne yake haɗuwa da ruwa da iska. Ga busasshiyar gansakuka ta manne faci-faci, wata rawaya wata kore-kore. Da safen nan da hazo ya tare rana komai ya yi laushi a ido, amma da muka dawo ta gurin da la'asar sai na ga dutsen ya koma ja sosai har na tsaya ina tambayar Baffa ko nan ne muka bi ɗazu.

Sai kuma yadda suke a zaune. Za ka ga ƙaton dutse wanda ya fi ɗaki girma ya hau kan wani ɗan ƙarami, gurin da suka haɗu bai fi faɗin tabarma ba, ka rantse in ka tura shi da hannu zai gangaro, amma ya fi kakan kakanka daɗewa a haka. Yaron ya ce, "Kawu, wai wa ya ɗora wannan?" Dattijon ya yi dariya ya ce ikon Allah ne ɗana. Na ce masa haka ne Baba, kuma Allah ya sa wa abin sababi. Asalinsu narkakken dutse ne da ya huce ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa shekaru miliyoyi da suka wuce, ya tsattsage, ruwa ya dinga shiga ta tsagar yana cin gefe da gefe, ƙasar da ta rufe su kuma ruwa da iska suka kwashe ta a hankali, abin da ya rage shi ne curin da ya fi tauri, shi ne muke gani ɗaya kan ɗaya. Har yanzu ma aikin bai tsaya ba, zafin rana ya buɗa bayan dutsen sanyin dare ya tsuke shi, sai ya dinga ɓarewa falle-falle, mun taka irin ɓawon da yawa a hanya yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi.

Zanen ba a fili yake ba, a ƙarƙashin rumfar dutse yake inda wani ya yi wa wani inuwa, ruwan sama ba ya dukan gurin kai tsaye, shi ya sa ma ya kai har yau. Ka ɗan sunkuya ka shiga, sanyi ya buge ka, ga warin jemage, hasbiyoyi suka tashi fur da suka ji motsinmu. Da farko wallahi ba ka ganin komai sai jikin dutse, saboda idonka ya taho daga rana. Dattijon ya ce ku dakata tukunna kar ku yi gaggawa. Muka yi shiru muna kallo, can sai ga ƙaho ya fito, sai wuya, sai dogon baya, sai ƙafafu, saniya ce sosai da jan launi, kusa da ita ga wata, ga wata kuma an zagaye ta da fari. Wasu an cike jikinsu da launi gaba ɗaya, wasu layin jikin kawai aka ja, wasu kuma an yi musu zane-zane a ciki. Wanda ya yi wannan aikin ya san saniya, ba wai ya ji labarinta ba ne, yadda ya lanƙwasa ƙahon da yadda ya sauke cikin kaɗai ya isa ya gaya maka mutum ne da ya tashi a cikin garke. Irin wannan jan launi daga jar ƙasa mai ƙarfe-ƙarfe ake samunsa, a niƙa a kwaɓa, kuma in ya kama dutse ya kama kenan.

Yaron ne ya fara lura. Ya ce, "Kawu, ai shanun nan ba su da tozo." Na sake dubawa, ƙwarai kuwa, bayansu a miƙe yake sumul daga wuya har gindin wutsiya, babu ko ɗaya mai tozo. Akwai wani saurayi Bafulatani da yake kiwo a gindin dutsen, Baffa ya yafito shi ya zo, ya jingina da sandarsa ya daɗe yana kallo sannan ya girgiza kai ya ce shi dai tun da yake bai taɓa kiwon irin waɗannan ba, kuma bai ji babansa ya ce ya taɓa ba. Ga nasa nan a ƙasa muna hangensu, Bunaji ne, kowacce da tozo.

To a nan ne tsigar jikina ta tashi gaskiya. Shanu masu tozo da muka buɗe ido muka gani, waɗanda muke ɗauka tun fil azal su ne shanun ƙasar Hausa, asalinsu daga wajen Indiya ne, daga baya suka shigo Afirka suka bazu. Kafin su, shanun da ke nahiyar nan marasa tozo ne. Iri biyu masana suka gane a zanen Birnin Kudu, akwai dogaye masu dogon ƙaho waɗanda yanzu babu su a yankin nan kwata-kwata, akwai kuma gajeru masu kauri da ɗan ƙaramin ƙaho irin muturu, wanda har yau ana samunsa a kudancin Najeriya saboda yana jure sammore, cutar da ƙudan tsando yake sa wa dabbobi, inda namu ba sa iyawa. A Tafkin Chadi ma akwai shanun Kuri masu ƙaton ƙaho, su ma ba su da tozo. Wato mutanen da suka zauna a inuwar nan suka yi zanen nan sun yi kiwo a ƙasar nan tun shanun da muka sani ba su zama su ne shanun gari ba. Babu takarda babu alƙalami, amma sun bar mana labarin dukiyarsu a jikin dutse.

Kuma ba su kaɗai ba ne. Akwai irin wannan zane a Geji da Shira a jihar Bauchi, in ka haura arewa kuma cikin Sahara, a duwatsun Azbin na Nijar da Tassili na Aljeriya, zanen shanu ne birjik har da raƙuman dawa, a guraren da yau ko akuya ba za ta samu abin ci ba. Dalili shi ne Sahara ta taɓa zama kore, da ciyawa da tafkuna, sai wajen shekara 5,000 da suka wuce ta fara bushewa makiyaya suka dinga gangarowa kudu da dabbobinsu. Ko nan kusa da mu a Dufuna ta jihar Yobe, a 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale a binne, da aka auna aka samu ya kai wajen shekara 8,000. Ni in na haɗa waɗannan sai in ga hamadar da muke kuka da ita yau a arewacin Jigawa tsohuwar tafiya ce da ta daɗe tana korar mutane, mu kuma da sare itace muna ƙara mata sauri.

Daga nan dattijon ya ce ku zo ku ji wani abu. Ya kai mu gurin wani falalen dutse da ya ɗan ɗago, a gefensa ga gurabu-gurabu zagayayyu sun yi santsi, wasu za su ɗauki dunƙulen hannu. Ya ɗauki wani dutse daidai tafin hannu ya buga a ɗaya daga ciki. Jama'a, ƙara ce ta fito tangararau kamar an buga kuge, ta daɗe tana amsawa a cikin duwatsun. Ya matsa ya buga wani gurbin, sai murya ta canza ta yi ƙasa, ya buga na uku ta yi sama, kafin ka ce me ya haɗa kiɗa da hannu biyu yana murmushi, ya ce haka suke yi suna yara. Na ɗauki dutsen na buga wani na gefe wanda yake manne da ƙasa, shi ko ɗif, babu komai. Sirrin shi ne mai ƙarar ba shi da tsaga a ciki kuma bai zauna daram a ƙasa ba, a ɗan guri kaɗan ya dogara, to in an buge shi yana samun damar kaɗawa. Gurabun nan kuwa ba wanda ya sassaƙa su, yawan bugu ne ya ci dutsen, ka auna da kanka hannu nawa za su bugi dutse mai taurin nan kafin ya lotsa haka.

Wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952 kuma aka san shi da aikin gumakan Nok, shi ne ya zo nan a 1955 ya ji duwatsun nan, ya rubuta a kansu a 1956, daga nan masana suka fara neman irinsu a wasu ƙasashe suna samu. Wato a fagen ilimi, maganar duwatsu masu kiɗa daga Birnin Kudu ta tashi. Amma mutanen gari ai ba su jira Bature ba, sun san abinsu. Dattijon ya ba mu labarin cewa a da amaryar da aka haifa a garin, ranar bikinta Dutsen Murufu take zuwa da ƙawayenta tun da safe su wuni a can, samari su zo suna buga duwatsun ana waƙa, sai yamma a dawo gida. Ya ce yanzu an bari. Kusa da gurin kuma ga wani gangaren dutse da yara suka goge da zamiya har yana ƙyalli, muna tsaye ma wasu suka zo suka hau suna sulalowa suna ihu, ɗan yayata bai san sanda ya cire takalmi ya bi su ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ya ɓata min rai, don ba zan ɓoye ba. A wani gurin, dab da zanen, wasu sun rubuta sunayensu da gawayi da alli har da lambar waya. Wani gefen ya yi baƙi da hayaƙi alamar an taɓa hura wuta a ciki. Dattijon ya ce akwai masu zuwa su watsa wa zanen ruwa wai don ya fito sosai a hoto, kuma kowane watsawa yana rage shi. Duk tsawon zamanmu kuma muna jiyo ƙarar guduma daga nesa, masu fasa dutse ne suke neman abincinsu. Ni ban ga laifin talaka da yake neman na tuwo ba, ga duwatsu nan iya ganinka da za a iya fasawa, amma wajibi ne a shata musu iyaka a ce daga nan zuwa nan ba a taɓawa, don ginin da ya rushe ana sake shi, wannan kuwa in guduma ta hau kansa shikenan har abada.

Da daddare a zauren Baffa maganar ta taso, wani daga cikin baƙin biki ya ce shi ba ya zuwa irin guraren nan, gurin iskoki ne kuma aikin jahiliyya ne. Na ce masa Malam, ba wanda ya ce a je a roƙi dutse ko a yi masa yanka, wannan kam haramun ne ba musu. Amma Alƙur'ani da kansa a gurare da yawa ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda waɗanda suka gabace mu suka ƙare. Kuma in ka duba tarihinmu ai kusan duk a gindin dutse ya fara, Kano a Dala, Zazzau ga Turunku da Kufena, ga Kwatarkwashi, ga Dutse ita kanta da ta zama babban birnin jiha da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991. Dutse yana ba da mafaka ranar yaƙi, yana riƙe ruwa a kwarinsa, ga ƙasa mai kyau a gindinsa, dole mutane su taru a gurin. Baffa ya ƙara da cewa garin da ya yi kwalejin gwamnatin da su Aliko Dangote suka yi karatu, ga Bamaina garin Sule Lamido a nan kusa, bai kamata a ce abin da ya fi komai daɗewa a cikinsa shi ne aka fi mantawa da shi ba. Mutumin dai bai ce ya yarda ba, amma ya ce in ya sake zuwa zai leƙa.

Ga wanda yake son zuwa, lokacin sanyi ya fi, daga an gama kaka zuwa kafin zafin bazara, don da bazara dutsen yana ɗaukar zafin da ba za ka iya dafa shi ba, da damina kuma santsi da ciyawa da macizai. Ka fita da wuri, ka sa takalmi mai kama ƙasa ba silifas ba, ka riƙe ruwanka, ka fara biyawa ta ofishin hukumar ko ka samu ɗan gari ya raka ka don ba za ka gane guraren kai kaɗai ba. Kar ka taɓa zanen da hannu, kar ka jiƙa shi, hoto kuma ka ɗauka haka nan a inuwar yana fitowa in ka yi haƙuri. A gindin dutsen mun samu fura da nono mai kyau gurin wata Bafulatana, ka tafi da canji. Ni dai tun da na dawo na yi magana da hedimastanmu, mun fara lissafin kuɗin mota, in Allah ya yarda kafin zafi ya shigo za mu kai 'yan aji shida, kuma na ce a bar min su a gaban zanen in ga wa zai fara lura da tozon.